Tsarabar Nata'ala daga Tsibiri

Duk ɗalibin Arewa da ya gama karatu a Kuala Lumpur, ya tashi komawa gida da firji da keken ɗinki da katan-katan na littattafai, to sai ya bi ta hannun Nata'ala. Shagonsa yana unguwar Cheras, hawa na biyu, a saman wani mai gyaran babur, kuma ba sai an wahala wajen yi maka kwatance ba, ƙarar salatif ɗin da yake naɗe kwalaye da shi za ta kai ka. Shekara goma sha takwas ke nan yana loda kayan mutane a kwantena, jirgin ruwa ya kai Legas, motoci su ƙarasa da su Kano. Ya san sunayen tashoshin ruwa, ya san watan da teku ke tashi kaya su makara. Amma shi kansa, mutumin Gwarzo, bai taɓa sa ƙafa a kan abin da ke yawo bisa ruwa ba, ko da kwalekwale ne. In ɗalibai suka tsokane shi da wannan, sai ya ce shi da teku mutunci ne a tsakaninsu, kowa ya san iyakarsa.

Asali karatun kwamfuta ya kawo shi. Karatun ya ƙi shi, kwali ya karɓe shi hannu bibbiyu. Da ya ga ƙafarsa ta kafu sai ya aika aka kawo masa matarsa Husainatu da 'yarsu ta fari, Hanifa, tana 'yar shekara huɗu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata.

Halinsa guda ɗaya kowa ya sani a Cheras, har waɗanda ba sa jin Hausa. Nata'ala ba ya dawowa daga tafiya hannu rabbana. Gado ya yi. Mahaifinsa ɗan koli ne mai bin kasuwannin ƙauye, kuma ko ranar da bai yi ciniki ba sai ya shigo gida da rake ko ƙuli-ƙuli, a raba har maƙwabta. Nata'ala ya ɗauki wannan ya ƙara masa gishiri. Ko tashar ruwa ta Klang ya je duba kwantena, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, sai ya dawo da leda. Tsohuwar 'yar China da ke ƙofa ɗaya da su tana da rabonta, mai gadin bene ɗan Bangladash yana da nasa, haka ɗaliban da ke zaman shagon suna shan shayi kyauta. Husainatu takan ce ba kyauta ce zalla ba, mijinta yana da kwaɗayin jin an ce masa Allah ya ƙara buɗi. Kuma gaskiyarta.

Hanifa kuwa ta tashi 'yar gari. Maganarta Hausa ce da Turanci da Malayanci a cakuɗe, kamar yadda yaran nan duk suke yi. Da ta shiga jami'a ta zaɓi nazarin halittun teku. Uban ya daɗe yana kiran abin karatun kifi, yana cewa mutum ya ƙetaro duniya don 'yarsa ta zama masunciya. A baki ne kawai. A shago, duk wanda ya zauna minti biyar sai an nuna masa hotonta a waya, cikin kayan ninƙaya da ɗan hijabinta na roba, riƙe da wata na'ura da shi kansa bai san sunanta ba.

A shekararta ta ƙarshe makaranta ta ce dole kowa ya yi horon aiki na wata shida, in ba haka ba babu takardar gamawa. Hanifa ta samu gurbi a wani ƙaramin kamfani mallakar wata Bamalayiya mai suna Puan Salmiah, wadda take da jiragen shaƙatawa guda biyu, irin waɗanda ake kira yot, tana yawo da baƙi tsakanin tsibiran gabashin ƙasar. Ofishinta yana unguwar Bukit Bintang a cikin birnin, amma ita da kanta take tuƙa babban jirgin. Aikin Hanifa shi ne yi wa baƙi bayanin abin da suke gani, a ruwa da a tudu. Cikin duk masu neman gurbin ita kaɗai ce 'yar ƙasar waje, kuma matar ta yi mata alkawarin in ta kammala lafiya za ta ɗauke ta aiki na dindindin. Wata huɗu ta yi ba a taɓa ɗaga mata murya ba. Ana nan sai aka samu ɗaki ba kowa a wata tafiya ta kwana uku, kuma al'adar kamfanin ma'aikaci yakan gayyaci ɗan'uwansa ɗaya in aka samu haka. Hanifa ta ce Baba za ta kai.

Ya yi ta noƙewa, yana cewa wa zai bar wa shago. Amma kafin yamma duk Cheras ta ji. Ya faɗa a shago, ya faɗa a ƙofar masallaci, ya sa a waya. Kowa ya ce Allah ya kiyaye hanya, a kawo mana tsarabar teku, shi kuma yana ta cewa in sha Allahu.

Ranar tafiya ya isa bakin jirgi cikin kaftani ruwan toka da hula zanna, aka ɗora masa rigar hana nitsewa ruwan lemo a kai. Jirgin fari ne sol, da dogon sanda a tsakiya da ƙaton ƙyalle da iska ke turawa. Baƙin su takwas ne, akwai Turawa mata da miji, da iyalin wani Bamalaye, da wasu Larabawa biyu. Hanifa ta ba shi jakarta ta aiki, rawaya, irin wadda ruwa ba ya shiga, da sunanta da lambarta a jiki, ta ce ya riƙa sa waya da fasfo a ciki. Kafin a tashi ita ce ta tsaya gaban kowa ta karanto dokoki, da Turanci sannan da Malayanci. Ta ce tsibiran nan gwamnati ta killace su, ba a ciyar da dabba, ba a taka murjanin da ke tsiro a ƙasan ruwa, ba a ɗaukar komai, ko da ɓawon katantanwa ne. Nata'ala ya ji. Sai dai hankalinsa yana kan fuskokin Turawan da suka yi shiru suna sauraron 'yarsa, yana ta danne bakinsa kar ya ce musu ai shi ya haife ta.

Awa biyun farko cikinsa ya gaya masa abin da ya daɗe yana zargi game da teku. Ya rungume bokiti yana salati. Bayan nan kuma sai ya wartsake, ya zauna a gefe, ya ga abin da bai taɓa zaton akwai shi ba. Ruwan garau yake, kana hango yashin ƙasa da kifaye masu launi suna kai da kawowa. Wata mikiya mai farin ciki ta faɗo daga sama ta suri kifi a gabansu. Can sai ga kunkurun teku, faɗinsa ya kai faifai uku, ya ɗago kai ya ja numfashi kamar tsohon da ya hau bene, ya koma. Nata'ala ya ce Allahu akbar ya fi sau goma. Hanifa tana daga gaba tana bayani, ta waiwayo ta yi masa murmushi, ya ji duniyar nan kaf ba wanda ya kai shi.

Da la'asar suka sauka a wani ƙauyen masunta, gidajen katako a kan turaku cikin ruwa. Mata suna kirɓa kifi da gari suna murza shi dogo-dogo, abin da suke kira keropok, a soya a ci da yaji. An baza ƙananan kifi a tabarmi suna shan rana. Ya yi sallah a ɗan masallacinsu, ana jin ruwa yana buga turaku a ƙarƙashin goshi. Bayan sallama wani dattijo ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, yana tambayar ko ƙasarsu tana da nisa da Makka, sannan ya sa aka fasa masa kwakwa. Nata'ala ya zaga rumfuna, ya ɗanɗana wannan, ya taya wancan, ya zaɓi abin da zai saya wa kowa a ransa. Bai sayi ko ɗaya ba. Shi a iya saninsa ba a sayen tsaraba a hanyar zuwa, sai a dawowa, don ta isa gida da sabuntarta. Ya ce wa matan ya ga kaya, sai jibi.

Washegari da hantsi ya tambayi ɗaya daga matuƙan ƙarfe nawa za su biyo ta ƙauyen jiya. Mutumin ya yi dariya ya zana da'ira da yatsa a iska. Jirgin zagaye yake yi, ba ya komawa ta inda ya fito, kuma sauran tsibiran da ke gaba babu mutane, balle kasuwa. Nata'ala ya tuna tsohuwar ƙofarsu, ya tuna mai gadi, ya tuna 'yan shago da za su ce ina tsarabar teku. A ce mutum ya je har tsakiyar ruwa ya dawo yana kaɗa hannu.

Da azahar aka tsaya a wani tsibiri mai farin yashi. Hanifa ta shiga ruwa da baƙi, kowa da tabarau na ninƙaya, za ta nuna musu murjani. Shi ya ce ganin da ya yi daga sama ya ishe shi. Ya naɗe wando ya bi gaɓa yana kallon birai a bisa itatuwa, da wani tsari mai tsawon taɓarya da ya ratsa gabansa ko kallonsa bai yi ba. Ruwa ya janye, ya bar 'yan kududdufai a tsakanin duwatsu. A nan ya sunkuya ya ga wuri.

Wuri dai, irin na kuɗin mutanen da, wanda mahaifiyarsa ta ɗinke a bakin faifanta na ado, wanda ake ɗaura wa jarirai a ƙugu. Sai dai waɗannan ba ƙanana ba ne. Kowanne ya kai ƙwan agwagwa, da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. A duk rayuwarsa Nata'ala bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa daga ina wuri yake fitowa ba. Abu ne na cikin kwalla da adudu, kamar tsakiya, kamar dutsen ado. Bai taɓa zuwa masa a rai cewa gida ne, kuma mai gidan yana ciki ba. Ya ɗaga ɗaya ya ji ɗan yauƙi a ƙasansa, ya ce ruwan teku ne. Nan take ya ga tsarabar da ba a taɓa kawo irinta Cheras ba.

Ya tuna maganar Hanifa, wannan ba za a rufe masa ba. Ya gaya wa kansa dokar ta kifi ce da murjani, ba ta abin da aka yar a ƙasa ba. Amma kafin ya sake sunkuyawa sai da ya duba dama ya duba hagu, kuma wanda bai san yana laifi ba ba ya wannan dube-duben. Ya tsinci kusan ashirin. Ya zuba su a hularsa ta biyu, wadda ya taho da ita saboda iska, ya matse bakinta ya cusa a jakar nan rawaya. Da suka koma jirgi bai kai ta ɗakinsa ba, kar mai shara ya gani. Ya zare wayarsa da fasfo, ya rataye jakar a akwatin ma'aikata kusa da inji, inda ya ga irinta guda biyar a jere. Wajen kuwa zafi ne kamar gidan burodi.

Rana ta uku, ta komawa, wajen sha biyu, jirgin ya tsaya a tashar hukumar da ke kula da tsibiran, kamar yadda kowane jirgi yake yi kafin ya fita. Wani jami'i ya hau don duba rajistar baƙi. Tun safe ake jin wani ɗan wari, matuƙa suna cewa ɓera ne ya mutu a wani lungu. Jami'in ya ɗaga hanci sau ɗaya, ya rufe rajistar. Shi ya san warin. Ya bi shi kai tsaye har akwatin ma'aikata, ya fito da jaka rawaya ya ɗora a kan teburin da baƙi suke shirin cin abinci.

Puan Salmiah ce ta buɗe. Ta zaro hular ta zazzage ta. Wurin suka gangaro bisa tebur, wani baƙin nama yana tsiyayowa ta tsagar kowanne, ɗoyi ya turnuƙe jirgin. Baturiyar nan ta toshe hanci ta juya baya. A lokacin Nata'ala ya gane cewa rai ya kashe, har ashirin, ya gasa su a gefen inji kwana guda. Ya kalli Hanifa. Ba shi take kallo ba, teburin take kallo, ita da ta taɓa gaya masa a gida cewa akwai halittun da sai ta yi wata ba ta ga ɗaya ba.

Puan Salmiah ta tambaya da Turanci, ba tare da ta kalli kowa ba, na wane ne. Hular tana nan a kife kan tebur, zanna mai aikin shuɗi, kuma 'yar'uwarta tana kan Nata'ala. A faɗin tekun nan kaf babu wani mai hula irin wannan sai shi. Ta sake tambaya. Ya buɗe baki, sai ya hango kansa, da furfurarsa, ana rubuta sunansa gaban Turawa da Larabawa. Ya hango bizarsa da za a sabunta bayan wata uku. Ya hango labari ya isa Cheras, ɗalibai suna cewa an kama Nata'ala da sata a tsibiri. Ya ce wa kansa bari ya haɗiye yawu, yanzu zai yi magana. Ta tambaya karo na uku, a hankali, kuma ta daɗe tana jira. Yana nan yana haɗiyar yawu.

"Nawa ne, Kak," in ji Hanifa, da sunan da ma'aikata ke kiran Puan Salmiah, wato Yaya. "Samfur na ɗauka don aikin makaranta. Ban nemi izini ba."

Jami'in ya kalli hular, ya kalli kan Nata'ala, ya kalli yarinyar. Ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce sunanta ne a jikin jakar. Ya rubuta abin da ta faɗa, ta sa hannu. Puan Salmiah ta ce ta miƙo usur da rediyon aiki, ta koma cikin baƙi ta zauna. Hanifa ta zo ta zauna kusa da ubanta. Awa uku suka yi a haka kafin a kai gaɓa, kafaɗa da kafaɗa, kuma abu ɗaya ta ce masa, ta tambaye shi ko ya sha maganin jiri.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan muni, kuma da bakinsa ya faɗe shi daga baya. A hanyar Kuala Lumpur motarsu ta tsaya a wajen hutawar matafiya. Nata'ala ya sauka, ƙafafunsa suka kai shi rumfar masu keropok, ya sayi leda shida. Hanifa ce ta taya shi riƙewa. Washegari ya raba, tsohuwar ƙofarsu ta yi godiya, mai gadi ya dafa ƙirji, 'yan shago suka ce Allah ya ƙara buɗi. Ya ce amin. Wani ɗalibi mai suna Muntasir ya matsa sai an ba su labarin teku, ya ba su na kunkuru da na mikiya, har da kwaikwayon yadda kunkurun ya ja numfashi. Suka yi dariya, shi ma ya yi, yana jin kamar ya tofa wa kansa yawu.

A gida Hanifa ta ce wa uwarta an sami saɓani ne a wajen aiki, an sallame ta. Husainatu ta yi tambaya har ta gaji, ta koma kan mijinta, ya ce shi ma bai gane kan zancen ba, harkar ofis ce. Kwana huɗu sai ga saƙo daga makaranta. Horon bai cika ba, sai ta sake wani baɗi, ba za ta fita tare da 'yan ajinsu ba. Aikin da aka yi mata alkawari kuwa ba a ma maganarsa. Ba ta yi kuka a gabansu ba. Kullum da safe tana durƙusawa ta gaishe shi, ta kawo masa shayi, in ya dawo ta karɓi jakarsa. Da ta ɗaure fuska ko ta daina gaishe shi, da ya samu abin riƙewa. Tuwo ya daina wuce masa. A sallah yakan manta raka'a nawa ya yi. Ya fara fita shago tun kafin ta tashi, yana zama cikin kwalaye ba aikin fari ba na baƙi.

Rana ta takwas da yamma, Hanifa ta fita sayen kayan miya, ya samu Husainatu a kicin ya gaya mata komai, tun daga kududdufin har hular. Ta kashe murhu. Ta zauna a kan buhun shinkafa ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da bai taɓa gani a idonta ba cikin shekara ashirin da biyu.

"Malam," ta ce, "kai ka haife ta, ko ita ta haife ka?"

Sannan ta ce ai ya san hanyar Bukit Bintang.

Da safe ya hau jirgin ƙasa. Ofishin ɗan ƙarami ne, a saman wani gidan abincin Larabawa, bango duk hotunan tsibirai. Puan Salmiah ta ba shi kujera, ta sa aka kawo shayi, ta bar shi ya yi magana da Turancinsa na shago har ya ƙare. Ya ce shi ne, yarinyar ba ta san komai ba. Ya ce bai san abin yana da rai ba, sannan ya gyara ya ce amma ya san an hana. Ya ce ya zo a rubuta sunansa a cire nata, ko me za a yi masa a yi.

Matar ba ta nuna mamaki ba. Ta ce ba wanda ke jirgin nan da bai sani ba, har jami'in, shi ya sa ta yi tambayar sau uku. Ta ce da ya yi magana a lokacin, da abin ya tsaya a kan baƙo dattijo da ya yi kuskure, a ja masa kunne, ita ma ta ba da haƙuri. Amma ma'aikaciya, mai karanta wa mutane doka da bakinta, wannan wani abu ne daban. Rahoto ya tafi tun ranar, an yi wa kamfaninta gargaɗi a kan lasisi, kuma ba za ta iya mayar da sunan da ke cikin rahoton bisa jirgi ba. In ya rubuta takarda yanzu, shi za a tuhuma, ita kuma Hanifa a ƙara mata laifin yi wa jami'i ƙarya da sa hannu. Ba abin da zai dawo.

Sai ta ce akwai kuma wani abu. Hanifa ta zo nan kwana biyu da dawowarsu, ta kawo rigunan aiki a wanke a goge. Ta roƙe ta alfarma ɗaya, cewa in mahaifinta ya zo kar a bar shi ya sa hannu a komai, saboda takardun zamansa, don gidan gaba ɗaya a kansa yake.

"Na tambaye ta," in ji Puan Salmiah, "na ce kina jin zai zo?"

Nata'ala ya ajiye kofin. "Me ta ce?"

"Ta ce ba ta sani ba, Malam."

Ya sauko benen. Bai je shago ba. Ya koma Cheras da rana tsaka, lokacin da bai saba shiga gida ba. Husainatu ta ga fuskarsa ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Hanifa tana falo ta baza bargo a tebur tana guga, kaftaninsa na Juma'a ne a ƙarƙashin dutsen. Ta yi masa sannu da zuwa. Ya tsaya a tsakiyar falon bai cire takalmi ba.

"Uwata, na je wajen matar nan."

Ta tsayar da dutsen guga. "Yau?"

"Yau."

Ta tambaye shi ko ya sa hannu a wata takarda. Ya ce a'a. Ta ce to alhamdu lillahi, ta ɗauki dutsen ta ci gaba. Ya jira ko za ta ƙara wani abu, ko faɗa ne, ko kuka, ko ta ce masa me ya sa. Ba ta ƙara ba. A gidan da ya tashi uba ba ya neman gafarar ɗansa, bai taɓa ji ba, bai san ma yadda ake fara ta ba. Duk da haka ya faɗa.

"Ki yafe mini."

"Ba komai, Baba," ta ce, ba ta juyo ba.

Irin ba komai ɗin da ake ce wa wanda ba a sani ba in ya taka maka ƙafa a jirgin ƙasa. Ya tsaya nan yana kallon bayanta, har ta gama hannun rigar ɗaya ta jawo ɗayan.